Sa Pita Medawar, Ɗan Baƙon Da Ya Koya Wa Jiki Karɓar Baƙo

Masu karatu, yau filinmu na tarihin mashahuran mutane ya faɗo kan wani masanin halittu na ƙasar Ingila wanda galibinmu ba mu taɓa jin sunansa ba. Amma duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwansa asibiti wajen wankin ƙoda, har ya ji likita na maganar dashe, to, ya taka gonar da wannan mutum ya share. A nan Legas asibitin St. Nicholas ne ya fara dashen ƙoda a Nijeriya cikin 2000, sa'an nan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo baya cikin 2002. Waɗanda aka yi wa wannan aiki sun san ba ɗinkin ne babbar wahala ba. Wahalar ita ce jikin mutum ba ya son ƙodar da aka ba shi, ko da ta ƙaninsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Dole ya riƙa shan magani mai tsada kullum don danne garkuwar jikinsa, kuma ran da kuɗin magani ya yanke, ƙodar ta shiga haɗari. Dalilin da ya sa jiki ke wannan ƙiyayya, da kuma ko ana iya lallashinsa ya bari, shi ne abin da Pita Medawar ya ƙare rayuwarsa yana bincike a kai.

An haife shi ran 28 ga watan Fabrairu, 1915, a ƙasar Barazil. Ubansa, Nicholas Medawar, mutumin Labanon ne, watau irin waɗanda muke kira Kwara, neman abinci ya kai shi can yana sayar da kayan aikin likitocin haƙori. Uwarsa kuwa Baturiyar Ingila ce. Tun yana yaro aka kai shi Ingila karatu. Ya shiga makarantar Marlborough cikin 1928, bai ji daɗinta ba ko kaɗan, sai dai a can ya gamu da wani malamin ilmin halittu mai suna Lowndes wanda ya sa masa son wannan fanni. Daga nan ya wuce Jami'ar Oksfod, ya karanta ilmin dabbobi, ya fita da daraja ta ɗaya cikin 1935. Ya yi aiki a ƙarƙashin Howard Florey, wanda daga baya ya shahara wajen mai da fenisilin maganin da kowa ke iya samu.

A Oksfod ɗin ya haɗu da Jean Taylor, ya aure ta cikin 1937. Danginta ba su so ba, don a ganinsu ɗan baƙo ne, ba asali a Ingila, ba kuɗi. Duk wanda ya taɓa neman aure a garin da ba nasa ba ya san irin wannan magana. Ita dai ta tsaya kan bakanta, suka zauna shekara 50, suka haifi 'ya'ya huɗu, biyu maza biyu mata. Maganar rashin kuɗin kuwa gaskiya ce. An karɓi littafin bincikensa na digirin dakta, amma fam 25 da ake biya kafin a ba mutum digirin sai ya tafi wajen aikin afendis da ya taso masa, ya haƙura da takardar.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya juya akalarsa. Cikin farkon shekarun yaƙin wani jirgin saman soja ya faɗi kusa da gidansa a Oksfod, wani sojan da ke ciki ya ƙone ƙwarai. Likitan da ke jinyarsa ya nemi Medawar ya zo ya duba ko iliminsa zai yi wani amfani. A wancan zamani wanda wuta ta cinye masa yawancin fata ba shi da makoma mai kyau. In aka yanko fatar mutum daga cinyarsa aka manna a inda ya ƙone, takan kama. To, amma wanda ya ƙone ko'ina, daga ina za a yanko? In kuwa aka ɗebo ta wani, sai ta yi kamar ta kama, bayan 'yan kwanaki ta yi baƙi ta ruɓe ta faɗi. Likitoci da yawa suna ɗauka cewa rashin gwanintar hannu ne. Medawar ya gwada dabaru iri iri na yalwata 'yar fatar da ta rage wa majinyaci, ba wadda ta yi nasara.

Daga nan aka tura shi birnin Gilasgo, sashen masu ƙuna na babban asibitin garin, inda ya haɗu da wani likitan fiɗa mai suna Thomas Gibson. Akwai wata mace da ta ƙone, aka manna mata ƙananan yankunan fatarta da kuma na ɗan'uwanta. Nata suka kama. Na ɗan'uwan suka zauna ɗan lokaci sa'an nan suka lalace. Da aka sake ɗebo fatar ɗan'uwan karo na biyu, sai ta lalace da sauri fiye da ta farko. Wannan ɗan bambanci shi ne mabuɗin al'amarin duka. Ashe jiki yana tuna baƙon da ya taɓa gani, kamar yadda wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya jikinsa ke gane ta in ta sake zuwa. Suka buga wannan bayani cikin 1943.

Da ya koma Oksfod sai ya tara zomaye masu yawa ya yi ta gwaji da hannunsa, shi ne mai yanka, shi ne mai ɗinki, shi ne mai duba fatar a madubin likita. Ya tabbatar cewa in ka sa wa zomo fatar wani zomo karo na biyu, yakan kashe ta da gaggawa, amma in fatar wani zomo na uku ce dabam, sai ta ɗauki kwanakinta kamar yadda aka saba. Watau ƙiyayyar ba ta kowa da kowa ba ce, ta wanda aka riga aka sani ce. Da wannan ya kafa hujja cewa garkuwar jiki, wadda Allah Ya yi don kare mu daga cututtuka, ita ce ke kashe abin da aka dasa.

Cikin 1947 aka naɗa shi shaihun malami a Jami'ar Barmingham yana da shekara 32. Shekara guda bayan haka, wajen wani taron masana a Istokholm ta ƙasar Suwidin, ya haɗu da Hugh Donald, wani mai binciken kiwon shanu daga Edinbara. Donald na neman hanyar rarrabe tagwayen maruƙa na ƙwai ɗaya da na ƙwai biyu. Medawar ya ba shi tabbacin cewa wannan abu ne mai sauƙi: a musanya musu fata, in ta kama to na ƙwai ɗaya ne, in ta faɗi na ƙwai biyu ne. Baki shi ke yanka wuya. Donald ya riƙe shi da maganarsa, dole shi da abokin aikinsa Rupert Billingham suka riƙa zirga-zirga zuwa wata gonar shanu suna yanka suna mannawa. Abin mamaki, kusan duk tagwayen suka karɓi fatar juna, har da waɗanda ɗaya namiji ne ɗaya mace, waɗanda ko yaro ya san ba ƙwai ɗaya ba ne.

Wani da ya ci irin wannan karo da sai ya ce shanun ne ba su da kyau, ya koma kan zomayensa. Medawar bai yi haka ba, kuma a ganina nan ne girmansa ya fito. Ya shiga neman dalili, har ya ci karo da aikin Ray Owen na Jami'ar Wisconsin ta Amurka. Tun 1945 Owen ya gano cewa tagwayen maruƙa jijiyoyin mabiyiyarsu kan haɗu a cikin mahaifa, jininsu ya gauraya, har kowane ya girma yana ɗauke da ƙwayoyin jinin ɗan'uwansa ba tare da jikinsa ya yaƙe su ba. Wannan gaurayar jini ce ma ke sa maraƙar da aka haifa tagwaye da namiji yawanci ba ta haihuwa, abin da makiyaya suka daɗe da lura da shi. Kan wannan ne wani masani na Ostareliya, Macfarlane Burnet, shi da Frank Fenner, suka yi hasashe cikin 1949 cewa ba a haifar jiki da sanin nasa da na wani, koya yake yi tun yana ciki. Misalinsa maigadi ne wanda duk yaron da ya tarar a gidan ran da ya kama aiki, ɗan gida ne a wurinsa har abada, wanda kuwa ya zo daga baya baƙo ne.

Hasashe dai hasashe ne sai an gwada. Cikin 1951 Medawar ya koma Kwalejin Jami'a ta Landan tare da Billingham da wani ɗalibinsu, Leslie Brent. Shi ma Brent ɗan gudun hijira ne, Bayahude daga Jamus, an kawo shi Ingila yana yaro cikin 1938, 'yan Nazi kuma suka kashe iyayensa da 'yar'uwarsa. Su ukun nan suka samo ɓeraye iri biyu, masu ruwan ƙasa da farare. Suka ɗebo ƙwayoyin halitta daga saifa da ƙoda da sauran sassan farin ɓera, suka yi allurarsu ga 'ya'yan mai ruwan ƙasa tun suna cikin uwarsu. Aiki ne mai wuya, cikin da yawa ya zube. Waɗanda aka haifa, da suka girma, sai aka manna musu fatar farin ɓera. A kan waɗansunsu fatar ta kama, ta tsiro da farin gashi a tsakiyar baya mai ruwan ƙasa, ta zauna daram. Don a tabbata ba garkuwar ce ta mutu gaba ɗaya ba, sai aka sa musu fatar wani irin ɓera na uku, suka kashe ta kamar yadda kowane lafiyayyen ɓera zai yi. Baƙo ɗaya tak suka karɓa, wanda aka gabatar musu tun suna ciki. An buga wannan a mujallar Nature cikin watan Oktoba, 1953. A shekarar ce kuma Milan Hašek na birnin Firag ya sami irin wannan sakamako da ƙwan kaji, ba tare da sun san da juna ba.

Cikin 1960 aka ba Medawar da Burnet kyautar Nobel. Ya raba kuɗin kasonsa da Billingham da Brent, ya kuma rubuta wa Owen takarda yana nuna rashin jin daɗinsa da ba a sa shi ciki ba. Shi da kansa ya san ba za a bi matan da ke da ciki ana yi wa 'ya'yansu allura don jiran ranar da za su bukaci ƙoda ba. Amfanin aikinsa a lokacin shi ne ya nuna katangar ba ta dutse ba ce, abin da ya ƙarfafa wa likitocin fiɗa gwiwa. Su kuwa sai suka bi hanyar magunguna. Joseph Murray ya dasa ƙoda tsakanin tagwaye na ƙwai ɗaya a Boston cikin Disamba 1954, inda ba a bukatar magani. Ga sauran mutane sai da aka samo azatayofirin a farkon shekarun 1960, sa'an nan saikulosforin wanda Roy Calne ya fara gwadawa a Kembirij cikin 1978. Amma waɗannan magunguna ba su koya wa maigadi komai ba, ɗaure shi kawai suke yi, ɓarawo kuwa ya samu ƙofa. Mutumin farko da Christiaan Barnard ya dasa wa zuciya a Kef Tawun cikin Disamba 1967 ya yi kwana 18, ciwon huhu ya kashe shi, zuciyar kuwa tana aiki.

Akwai tambayar da Medawar bai amsa ba: a wane wuri cikin jiki ake wannan koyo? A nan ne gwani ya yi tuntuɓe. A ƙirjin kowane jariri, bayan ƙashin ƙirji, bisa zuciya, akwai wata 'yar tsoka mai laushi da likitoci ke kira taimus. Takan girma har lokacin balaga, sa'an nan ta riƙa motsewa kitse na maye gurbinta. An daɗe ana cire ta daga manyan dabbobi ba a ga wani abu ya same su ba, saboda haka aka ɗauke ta abin banza. Cikin 1961 wani saurayi mai suna Jacques Miller, haifaffen Faransa wanda ya yi karatu a Ostareliya, yana binciken sankarar jini a wata cibiya kusa da Landan, ya cire taimus daga ɓerayen da aka haifa a ranar. Sai suka tashi da ƙarancin fararen ƙwayoyin jini, suna ramewa, kuma suna karɓar fatar kowane irin ɓera, har da ta gafiya irin ta ɗakin gwaji. Da ya dasa musu taimus na wani irin ɓera dabam, garkuwarsu ta dawo, amma ba su taɓa fatar irin ɓeran da ya ba su taimus ɗin ba. Manyan masana ba su yi saurin yarda ba. Har cikin 1963 Medawar na ganin cewa ƙwayoyin da ke cikin taimus tsautsayin halitta ne kurum wanda ba shi da wani muhimmanci. Miller ne ke da gaskiya. Yau an san cewa taimus ita ce makarantar. Ƙwayoyi na fitowa daga ɓargo su shiga cikinta, a nuna musu kamannin jikin mai su, duk wadda ta yi yunƙurin kai wa ɗan gida hari a kashe ta. Fiye da 90 cikin 100 ba sa fita da rai. Waɗanda suka tsira su ake kira ƙwayoyin T, daga harafin farko na sunan tsokar.

Cikin 1962 aka ba Medawar shugabancin babbar Cibiyar Binciken Likitanci ta Ƙasa da ke Mill Hill a Landan, Sarauniya kuma ta ba shi sarautar Sa cikin 1965. Dogo ne ƙwarai, mai fasahar magana da rubutu, mai son wasan kurket da waƙoƙin Turawa na opera. Cikin watan Satumba, 1969, yana shugaban ƙungiyar masana kimiyya ta Birtaniya, ya tashi yin karatu a babban cocin Exeter wajen taronsu na shekara, sai jijiya ta fashe a ƙwaƙwalwarsa. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye yana da shekara 54. Ya sauka daga shugabancin cibiyar cikin 1971, ya koma wata ƙaramar ƙungiyar bincike a asibitin Northwick Park yana nazarin ciwon daji. Ciwon ya sake bugunsa ba sau ɗaya ba, har ya rasa ido guda, amma bai ajiye alƙalami ba. Da taimakon Jean ya fitar da littattafai da dama, ciki har da na nasiha ga matasa masu shiga kimiyya cikin 1979 da tarihin rayuwarsa cikin 1986. Ya rasu a Landan ran 2 ga watan Oktoba, 1987, yana da shekara 72, aka binne shi a ƙauyen Alfriston. Jean ta rayu har 2005.

A shekarar da ya rasu ne aka sami hujjoji biyu da suka haɗa aikinsa da tsokar da ya raina. A Amurka John Kappler da Philippa Marrack suka nuna a jikin ɓeraye cewa lalle a cikin taimus ake share ƙwayoyin da ke gāba da ɗan gida. A Faransa kuwa Nicole Le Douarin da mutanenta suka dasa tsiron fiffiken salwa a jikin ɗan tsako tun yana cikin ƙwai. In ya ƙyanƙyashe, bayan 'yan makonni jikinsa kan kashe fiffiken. Amma in an haɗa masa da tsiron taimus na salwar, sai fiffiken ya zauna.

Daga nan masu bincike suka ce, tun da ba a iya komawa cikin mahaifa, me zai hana a kawo gaɓar tare da makarantarta? A babban asibitin Massachusetts da ke Boston, Megan Sykes da David Sachs suka cire wa ɓeraye taimus, suka share musu tsofaffin ƙwayoyin T, suka dasa musu taimus na ɗan tayin alade. Cikin 1996 suka ba da labarin cewa ɓerayen sun karɓi fatar alade, alhali suna kashe fatar wani ɓera baƙo. Dalilin zaɓen alade shi ne gaɓoɓinsa sun yi kusa da na mutum a girma, ga shi da yawan haihuwa. Hukuncin amfani da su ga Musulmi kuwa fagen malamai ne. Wani likita ɗan Japan a wannan asibiti, Kazuhiko Yamada, ya ƙirƙiro dabarar cusa gutsattsarin taimus ƙarƙashin fatar da ke lulluɓe da ƙodar dabbar, a bar su makonni su kama jini, sa'an nan a ɗauke ƙodar da taimus ɗin a dasa su tare. Cikin 2005 suka sanar cewa birai irin bika da aka sa wa ƙodar alade tare da taimus sun kai har kwana 83, waɗanda ba a haɗa musu da taimus ba kuwa ba su wuce wata guda da 'yan kwanaki ba.

Ta wajen mutane ma an taɓa. Cikin 2008 likitocin Boston suka ba da rahoton majinyata biyar da aka dasa wa ƙoda tare da ɓargon wanda ya ba su, watau a mai da su kamar tagwayen maruƙan Owen na ɗan lokaci, huɗu daga cikinsu suka daina shan maganin danne garkuwa ƙodarsu na aiki. Shirin da ake yi wa jiki kafin wannan aiki yana da tsanani da haɗari, shi ya sa bai zama na kowa ba. A Jami'ar Duke ta Amurka, Louise Markert ta fara tun 1993 tana dasa yankakken taimus a tsokar cinyar jariran da aka haifa ba su da ita, hukumar magunguna ta ƙasar kuma ta amince da hanyar cikin 2021. A watan Agusta na shekarar, likitocin Duke suka dasa wa wani jariri ɗan wata shida zuciya, bayan mako biyu suka bi shi da taimus na wanda ya ba da zuciyar. Cikin 2023 kuma a Niyok aka sa ƙodar alade mai haɗe da taimus a jikin wani mutum da ƙwaƙwalwarsa ta riga ta mutu, da yardar danginsa, ta yi aiki kwana 61 har ranar da aka tsai da gwajin. A wannan gwaji na Niyok ba a daina ba da maganin danne garkuwa ba ko da kwana ɗaya.